Babur a Kwarin Rima

A watan Disamba na 1934 wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka tashi daga Landan a kan babur ƙirar Panther mai akwati a gefe, suna jan 'yar tirela ta kayansu. Suka keta Sahara ta Tamanrasset da Agadas, suka sauko Kano, ba su sauke kaya ba sai a birnin Cape Town cikin watan Yuli na 1935. Tun daga wancan zamani doguwar tafiya a kan babur ta zama al'ada mai mutanenta da littattafanta. Ernesto Guevara da abokinsa Alberto Granado sun fara zagayen Kudancin Amurka a 1952 a kan tsohon Norton, Ted Simon ya shafe shekara huɗu daga 1973 yana kewaya duniya a kan Triumph, a 2022 kuma ɗan Najeriya Kunle Adeyanju ya taso daga Landan zuwa Legas don tara kuɗin yaƙi da shan inna. A Turai da Afirka ta Kudu mahaya da yawa suna son hanyar da ta hau tsauni ta gangara cikin gonakin 'ya'yan itace da na inabi, irin ta yankin Alsace a Faransa wadda aka buɗe a 1953. Mutumin Dinawa ta ƙasar Wurno da ya ji wannan labari yana iya cewa sha'anin masu kuɗi ne, ba ruwan talaka da shi. Ni kuwa ina ganin da ruwansa ƙwarai, domin ƙasar da ke tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo tana da kusan duk abin da waɗancan mahaya suke nema, tana kuma da mahayan da suka fi su sanin hanya. Abin da ta rasa shi ne hukumar da za ta ɗauki babur a matsayin ƙafar manomi, ta daina kallonsa da idon da take kallon bindiga.

Sai a fara da ƙasar kanta. Wanda ya bar Sakkwato ya yi arewa maso gabas ta Achida zai daɗe yana tafiya a kan tudu, ƙasar gero da dawa da wake, wadda da an yi girbi take komawa fari fat, sai gawo da aduwa jefi-jefi da tsaunukan jan dutse masu shimfiɗaɗɗen kai. Can sai ƙasa ta karye, fadamar Rima ta bayyana a ƙasa kore shar a tsakiyar rani: albasa da tafarnuwa, shinkafa da alkama, tattasai da attarugu, rake, rogo, da duhuwar mangwaro a bakin lambuna. Garin Wurno yana zaune a kan tudun da ke leƙen wannan fadama, kuma ba a banza aka zaɓi wurin ba. Tsaunukan nan ba su kai na Mambila ko na Jos ba, ba kuma wanda zai yi musu a kan haka, amma suna da labarin da waɗancan ba su da shi. Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa teku ta taɓa rufe wannan yanki shekaru miliyoyi da suka wuce, har shimfiɗun duwatsun suna ɗauke da sunayen garuruwanmu a littattafan kimiyya, wato Taloka da Dukamaje da Wurno. A 1972 wasu masana daga Italiya suka raɗa wa wata ƙatuwar dabbar teku da aka tono ƙasusuwanta a yankin suna Goronyosaurus. Idan aka ci gaba da tafiya aka wuce mararrabar Marnona, sai madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama a 1984, mai tsawon kilomita 12 da rabi, da aka tsara ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Daga kudu kuma Gulbin Sakkwato ya bi ta gefen Rabah da tasa fadamar.

Kwalta ba ta taɓa komai daga wannan arziki sai gefensa. Gonar albasa tana ƙarshen burtali, bayan rairayin da mota ke kafewa a ciki, ko a kan gaɓar magudanar ruwa wadda faɗinta bai wuce taku biyu ba. Da damina hanyoyin ƙauye sukan zama laka da kwazazzabo, a wasu wuraren ma sai an ɗora babur a kwale-kwale an haye da shi. Jaki da raƙumi da amalanken shanu suna nan ba su ɓace ba, amma ba sa kai mai naƙuda asibiti kafin abin ya ɓaci, ba sa kuma kai tumatir kasuwa kafin rana ta dafa shi. Saboda haka babura ƙirar Boxer da Jincheng da 'yan uwansu suka gaji aikin. A kan babur manomin Dinawa yake ɗaure injin ban-ruwa da mesa da jarkar fetur da buhun taki da asuba. A kansa malamin firamare yake isa ƙauyen da aka tura shi, a kansa ma'aikatan rigakafi suka bi lungu-lungu har aka ayyana Najeriya ta rabu da shan inna na daji a 2020. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauki ɗan kasuwa daga Goronyo zuwa Illela ya dawo a yini ɗaya, cikin ƙurar hunturu ko zafin bazara, ya yi tafiyar da baƙon mahayi zai rubuta babi guda a kanta. Doguwar tafiya a kan babur ba sai an shigo mana da ita ba. Tana nan kullum, sai dai neman abinci ne ke tura ta, shi ya sa ba wanda ya ƙirga ta a cikin abin alfahari.

Za a ce ai waɗancan hanyoyi na Turai, irin ta Alsace, hanyoyin giya ne, ƙasar Shehu kuwa ba ta da abin koyo a wurin masu matsar inabi. Game da giyar, maganar gaskiya ce, ba ma bukatarta ba ma nemanta. Amma a duba yadda aka gina hanyar. Ta Stellenbosch a Afirka ta Kudu, wadda aka fara a 1971, masu gonaki uku ne suka kafa ta, ba gwamnati ba. Sun lura cewa muddin amfanin gonarsu sai ya bi ta hannun dillalan birni, ribar can take tsayawa, sai suka sa alamu a hanya, suka buɗe ƙofofin gonaki, suka jawo mai saye har gindin shuka. Daga nan masu masauki da masu abinci da masu gyaran abin hawa suka samu aiki. Wannan darasi bai da alaƙa da abin da ke cikin kwalba. Manomin albasa a Wurno ya san ciwon da ake magana a kai fiye da kowa: lokacin cira kowa ya cire a tare, farashi ya faɗi warwas, wanda ke da bashin taki ya sayar dole, wanda ya daure ya zuba a rudu kuma yana kallon wani kaso yana ruɓewa kafin kasuwa ta tashi. Buhun da ya bar hannunsa da araha shi ne zai isa Legas ko Onitsha da tsada. A tsallaken iyaka, mutanen Galmi a Nijar sun kai albasarsu matsayin da ake kiran sunan garinsu a kasuwannin Abijan da Akara. Tafarnuwar Wurno ba ta gaza haka a inganci ba. Ƙasar da baƙo yake iya shiga ya ga gona da idonsa ya sayi kaya daga hannun mai ita, ita ce ƙasar da sunan amfaninta yake tafiya.

Ba kuma sai an ƙirƙiro wa mutanenmu dalilin tafiya ba, domin ziyara tsohuwar al'ada ce. Masu zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato daga Kano da Adamawa da Nijar da yawansu sukan so su ƙarasa Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837 aka kuma binne shi. Rabah ita ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, kuma a can ya riƙe sarautar gunduma daga 1934. Gaba da Goronyo, a ƙasar Sabon Birni, akwai kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Ɗalibin tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana iya karanta waɗannan sunaye shekara huɗu bai taka ko ɗaya ba, alhali duk suna cikin tafiyar yini ɗaya ko biyu a kan babur.

Sai babbar hujjar masu ja, wadda ba ta da kyau a raina ta, domin waɗanda suke kawo ta sun binne 'yan uwansu. 'Yan bindiga a kan babur suke zuwa. Sukan fito daga daji bibbiyu ko uku-uku a kan kowane mashin, su afka wa gari, su koma ta hanyar da motar soja ba ta iya bi. Haka aka yi a Tabanni da ke ƙasar Gandi ta Rabah a watan Yuli na 2018, inda aka kashe mutane da dama, sauran suka tsere zuwa Gandi. A watan Mayu na 2019 rundunar soja ta hana hawan babur a dazuzzukan jihohi bakwai, har da Sakkwato. A farkon Satumba na 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta hana goyon mutum uku, ta hana sayar da tsofaffin babura a wasu kasuwanni da sayar da fetur a jarka, ta kuma tsayar da zirga-zirgar babur da dare a ƙananan hukumomin da abin ya shafa. Bayan 'yan makonni aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14. A watan Yuli na 2022 gwamnatin tarayya ma ta bayyana cewa tana duba yiwuwar hana babur a ƙasa baki ɗaya. Waɗanda suka yanke waɗannan hukunce-hukunce ba mugunta ta sa su ba. Tunaninsu shi ne idan aka yanke wa ɗan bindiga ƙafa da mai, zai zauna wuri ɗaya a same shi.

Abin tambaya shi ne wa dokar ta kama. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba na 2021, dokar tana aiki, layukan waya suna katse, 'yan bindiga suka shiga kasuwar Goronyo suka kashe sama da mutum 40. Hari ɗaya ba ya isa a yanke hukunci a kan doka, kuma mai yiwuwa ƙarancin fetur ya takura wasu dabobin na ɗan lokaci. Amma yanayin dokar kansa yana nuna inda nauyinta zai faɗa. Mutumin da ya ɗauki bindiga ya kashe rai ba dokar goyon mutum uku ce za ta tsayar da shi ba, ba ya bin shingen bincike, ba ya kuma sayen babur ɗinsa a bainar kasuwar Achida. Wanda yake tsayawa a shinge shi ne mai gona. Shi ne aka hana jarkar fetur, alhali injin ban-ruwansa ba ya tafiya gidan mai da ƙafarsa, albasa kuwa ba ta jiran a ɗage doka idan ƙasa ta bushe. Shi ne matarsa za ta fara naƙuda bayan magariba ya rasa yadda zai yi. Shi ne kuma idan ya hangi ƙurar mahara ba shi da waya ba shi da abin hawan da zai kai labari. Masu kafa hujja da birane sukan ce Maiduguri ta hana acaɓa a 2011, Kano ta hana a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, kuma rayuwa ta ci gaba. Ta ci gaba ne saboda a birni akwai kwalta, A Daidaita Sahu ta maye gurbi. A fadama ba abin da zai maye gurbi. Misalin da ya fi kama da namu yana Nijar, inda aka hana babur a jihar Diffa a 2015 da sassan Tillaberi a farkon 2020. A wuraren biyu hare-hare ba su ƙare ba, kasuwannin ƙauye suka yi rauni, dubban samarin da suke ci da kabu-kabu da faci da kanikanci da bumburutu suka wayi gari ba sana'a. Saurayin da aka raba da abincinsa a ƙasar da ɗan bindiga yake biyan mai kai masa labari, an ƙara wa matsalar hannu ne.

Tarihin wannan ƙasa ya riga ya gwada wata hanyar. Dajin Gundumi, wanda titin Marnona zuwa Isa yake ratsawa, ba yau ya fara zama abin tsoro ba. Baturen matafiyi Clapperton ya keta shi cikin fargaba a 1824. A 1853 wani Baturen matafiyin, Heinrich Barth, da ayarinsa suka yi tafiyar fiye da kwana da yini ba su sauke kaya ba, don gudun maharan Gobirawa, kafin su iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba, daga nan Barth ya wuce Wurno ya zauna makonni. Maganin da Muhammadu Bello ya yi wa iyakar gabas da arewa shi ne ribaɗi. Ya bar jin daɗin Sakkwato ya koma bakin daga da kansa, ya gina Wurno, ya sa 'ya'yansa da manyan mutanensa su kafa garuruwa masu ganuwa a bakin gulabe, ya zaunar da makiyaya, ya ƙarfafa noma da saƙa da rini da karatu. Masanin tarihi Murray Last ya yi bayanin wannan siyasa a littafinsa kan Daular Sakkwato na 1967. Fahimtar Bello ita ce daji ba ya ja da baya sai mutane sun matsa masa da gida da gona da kasuwa. Bai kawar da haɗari gaba ɗaya ba, tunda Barth ya zo shekara 16 bayan rasuwarsa ya tarar da Gundumi da sauran tsoro, amma inda ribaɗi ya kafu ƙasa ta zaunu, har Wurno ta zama mazaunin sarakunan Musulmi da dama, inda baƙi irin su Joseph Thomson a 1885 suke zuwa neman ganawa. Rufe hanya yana yin akasin wannan. Titin da aka hana jama'a bi ciyawa take cinye gefensa, mai shayi da mai faci su tashi, ƙauyukan bakinsa su watse, ya zama na wanda ya rage a dajin shi kaɗai.

Wannan ba kira ba ne a saki babur sakaka. Akwai bambanci tsakanin hana abu da sanin mai shi. Yawancin baburan karkara ba su da lamba, ba wanda ya san adadinsu, kuma wannan duhu shi ne ribar ɓarawo. Rajista mai arha da za a yi a hedikwatar gunduma, da shaidar hakimi da mai unguwa da shugabannin ƙungiyar 'yan kabu-kabu, waɗanda suka san kowane mahayi da gidan ubansa, za ta fi shinge goma amfani. Manomin rani yana iya samun katin sayen fetur gwargwadon injinsa. Binciken gaske kuma ya koma kan masu sayen sababbin babura da yawa a lokaci ɗaya da masu safarar mai zuwa daji, domin ta nan kayan aikin mahara suke bi. Za a ce rajista tana iya zama wata kafar karɓar na goro, a cikin masu shaida ma ana iya samun 'yan leƙen asirin daji. Haka ne, ana iya samu. Amma tsarin da ya yi kuskure a kan mutum ɗaya cikin ɗari ya fi wanda ya hukunta ɗarin duka. Hukuma ma ta san darajar abin, tunda babura take raba wa sojoji da 'yan sanda da jami'an tsaron al'umma idan tana son su isa inda ake bukatarsu. Akwai kuma haɗarin da ba na bindiga ba, wanda mahayanmu suke da laifi a ciki: gudun wuce sa'a, lodin da ya rufe madubi, yaro ɗan shekara 12 a kan sitiyari, da ƙin hular kwano duk da cewa Hukumar Kiyaye Haɗura ta fara tilasta ta tun Janairun 2009. A nan baƙin mahaya masu doguwar tafiya sun fi mu, domin ba sa tashi sai sun duba taya da birki da sarƙa, sun rufe kai da gwiwa.

Saura hujja ɗaya, ita ce ta lokaci. Ana iya cewa rashin kunya ne a yi maganar yawon buɗe ido a ƙasar da mutane suke kwana a makarantun firamare saboda an kore su daga gidajensu, inda ake sa wa ƙauyuka haraji kafin su girbe abin da suka shuka, inda kuma tun cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 cika tankin babur ya zama shawara. Na yarda da nauyin wannan magana, kuma babu mai hankalin da zai ce wa baƙo ya ɗauki babur ya nufi Gundumi a halin da ake ciki. Amma shirin hanya ba ya jiran ranar da komai ya lafa, kuma abin da baƙo zai bukata nan gaba shi ne abin da ɗan gari yake bukata yau: gada a inda ake fito, burji mai kyau daga lambu zuwa kwalta, layin waya mai aiki, jami'an tsaro masu kwana a gari maimakon masu zuwa bayan an yi jana'iza. Haka ma ruwan da ke raya fadamar yana son kulawa, domin ambaliyar Satumban 2010 ta cinye gonaki da ƙauyuka a ƙasan Goronyo, a 2018 kuma ruwan madatsar ya ja baya har ya kusa ƙafewa. Zangon da ya fi sauƙin farawa shi ne na Sakkwato zuwa Achida zuwa Wurno, da rassan da suke shiga Dinawa da ƙauyukan fadama. Gajere ne, jama'a suna da yawa a kansa, akwai hubbare a kowane ƙarshensa, kuma daga Janairu zuwa Maris albasa da tafarnuwa suna cikin ganiyarsu. Ƙungiyoyin manoman albasa da na 'yan kabu-kabu da masarautun gundumomi suna nan a kafe, su ne za su tsara wurin saukar baƙi da masu rakiya da wurin sayar da kaya a bakin gona. Idan wannan zango ya tsaya da ƙafarsa, sai a miƙa shi Rabah ta kudu, sannan Goronyo.